Gwangwanin Kawu Sallau

Kawu Sallau ba ya ce maka ina kwana. Ku da kuka zauna da shi a tashar Agadas kun sani. Ka miƙa masa hannu da safe, ya riƙe, ya dube ka ta saman tabaraun nan nasa mai ƙafa ɗaya da zare, ya ce, "Takardarka ta cika?" Ita ce gaisuwarsa. Wurin suna haka, wurin ta'aziyya haka. Limamin unguwarmu ma bai tsira ba, mutumin da ko keke bai taɓa hawa ba.

Ni ne Lawali, ɗan ƙanwarsa. A hannunsa na koyi tuƙi, kuma a kaina ya fi kowa yin tsanani. Takardar da yake nufi ita ce kartin da ake ba mu, mu masu ɗaukar mutane da kaya cikin sahara. Ba permi na tuƙi ba, wannan daban ne. Yana da wa'adi. In ya ƙare sai ka koma aji kwana uku, formasiyo, a sake koya maka abin da za ka yi wa wanda ya suma ko ya karye a inda babu likita, sannan a buga maka tampo, wato hatimi, a bayan kartin. Mu duka wahala muke ganinsa. Kawu kuwa sabuwar riga yake ɗinkawa.

Nasa kartin a gwangwanin shayi yake zama. Leda ciki, leda waje, sai tsumma, sannan gwangwanin, a rataye a wuya ƙarƙashin riga kamar laya. Wata rana ina zaune gefensa a hanyar Ingal, mota cike da mutane, rana ta take. Muka iso shinge. Jandarman ya hango shi, ya ɗaga hannu daga inuwa.

"Wuce, Baba, mun san ka."

Kawu ya kashe mota.

"Kun san ni. Kun san takardata?"

"Baba, jiya ma ka wuce."

"Ta jiya ce ka gani. In ta ɓace da dare fa? Taso."

Mutanen baya suka fara salati. Wata tsohuwa ta ce, "Sallau, don Allah, awaki na mutuwa!" Ko waiwayawa bai yi ba. Sai da bawan Allahn nan ya bar inuwarsa ya zo ya tsaya cikin rana, Kawu ya kwance tsumma, ya kwance leda, ya kwance ɗaya ledar, a hankali kamar mai buɗe Alƙur'ani. Jandarma ya ɗan leƙa, ya miƙo masa.

"Ba ka duba bayan ba," in ji Kawu. "Kwana uku na yi a aji saboda tampon da ke bayan nan."

Daga ranar, in suka hango motarsa, cacar wanda zai tashi suke yi.

Ajin kuwa sai wanda ya gani. Da kujerarsa yake zuwa, ƴar tsugune, ya dasa ta gaban kowa, dab da ƙafar Madam Rakiya mai koyar da mu. Kaye, littafin rubutunsa, a hannu, biron bik a kunne, yana rubuta komai da ajami. Akwai wani mutum-mutumin roba da ake koyon danna ƙirji a kansa. Kawu ya raɗa masa suna Malam Shiru, kuma ba ya taɓa shi sai ya yi sallama.

"Baba Sallau, roba ce," in ji Madam.

"Na sani, ƴata. Amma in na saba hawa ƙirjin mutum ba sallama, wata rana a kan mai rai zan yi."

Abin bai tsaya a aji ba. Inna Tsahara matarsa ta ɗan kishingiɗa bayan azahar, sai ta ji ana mirgina ta gefe, ana lanƙwasa mata gwiwa.

"Malam, lafiya?"

"Yi shiru, kin suma."

"Ni na suma?"

"A darasi kin suma. Saki jikinki."

Muciya ce ta fi kusa da hannunta. Washegari ya shigo tasha da ƙulu a goshi, an naɗe shi tsaf da farin bandeji. Muna dariya, shi yana zagayawa yana nuna wa kowa. "Ku bar ƙulun, ku dubi ɗaurin. Da hannu ɗaya na yi shi, ba madubi."

To, dariya ta isa haka. Yanzu ga nawa, wanda ban taɓa faɗa a tasha ba.

Shekarar da kartina da nasa suka ƙare tare, ranar shiga aji ta faɗo daidai da wani kaya da na samu zuwa Jado, abinci da ruwa na masu haƙar zinariya. Na same shi yana goge gwangwaninsa. Na ce, "Kawu, in takardar sunaye ta zo gabanka, ka ɗan ja mini layi a wurin sunana. Layi kawai." Ya ce, "Na ji." Ni da wautata na ɗauka ya yarda, na tayar da mota.

Sauran labarin a bakin mutane na ji shi, don har yau ba su gaji da ba ni shi ba. Madam ta kira sunana, Kawu ya miƙe tsaye, ya gyara riga.

"Madam, ba ya nan. Yana hanyar Jado. Ya ce in sa masa hannu, na ce na ji. To na ji, ga shi kuma na faɗa."

Aka soke sunana, aka ce sai zagaye na gaba. Da na dawo ko gida ban shiga ba, na nufi wurinsa.

"Haba Kawu! Ni fa ɗan ƙanwarka ne!"

"Shi ya sa ban bari bare ya faɗa ba. Zauna ka sha shayi."

Ban sha ba. Wata biyu ina kauce masa.

Da zagaye na gaba ya zo, maimakon in yi hankali sai na ƙara wayo. Ina da aboki, Hamidu, tsawonmu ɗaya, motarsa tana garaji, ba shi da abin yi. Kun san garinmu, namiji ya naɗa rawani har ido ba wanda zai ce masa don me. Hamidu ya naɗa rawanina, ya zauna can layin baya kwana uku, ya ce haƙori ke damunsa. In an kira Lawali ya ɗaga hannu. Ni kuwa ina can ina gudu cikin rairayi. Na dawo na tarar da karti sabo fil, tampo a baya.

Da safe na tari Kawu da kaina. Ya riƙe hannuna.

"Takardarka ta cika?"

"Ta cika, Kawu." Na zaro, na miƙa masa.

Ya daɗe yana kallon hotona. Bai juya bayan ba. Ya miƙo mini, ya ce, "To." Daga ranar bai sake yi mini tambayar ba. In mun haɗu sai ya ce, "Ina kwana, Lawali." Ni kaɗai a duk tashar yake yi wa ina kwana. Ni kuma, jakin Allah, har daɗi nake ji, wai na huta.

Cikin bazara ne, rana tsaka, muna ɗaure kaya a saman mota. Na ji ƙara kamar buhu ya faɗo. Kawu ne a ƙasa, rigingine, ido ya juye, amai na taruwa a bakinsa. Mutane suka yi caa. Sai wani ya ɗaga murya, "Ku ja baya! Ku ba Lawali wuri, bai daɗe da fitowa formasiyo ba!"

Suka dare, suka bar mini fili. Na durƙusa. Wallahi karti na aljihuna, ina jin kaurinsa a ƙirjina, amma kaina babu komai. Na jawo bidon ruwa, na tallafo kansa zan ɗura masa. Sai na ji ya damƙe mini wuyan hannu. Ido ɗaya ya buɗe.

"Kada ka ɗura mini," muryar can ƙasa. "Kashe ni za ka yi, jaki. Juya ni gefe."

Na juya shi.

"Gwiwar sama... lanƙwasa. Kwance rawanin. Ruwan a jiki, ba a baki ba."

Ina yi, yana faɗa, mutane na kallo. Mai suma yana koya wa mai takarda. Da ya ɗan samu numfashi sai ya jawo ni kusa, ya yi maganar yadda ni kaɗai zan ji.

"In ciwon ya sake ɗauke ni, aika a kira wanda ya naɗa rawaninka. Shi ya san darasin."

Da ƙasar tasha ta tsage a lokacin, da na gode mata.

A gidan likita, bayan an sa masa ruwa ya dawo daidai, na zauna bakin gado na kasa ɗaga kai. Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko. Na leƙa ajin in gai da Malam Shiru, na ga rawaninka a baya. Na dubi ƙasa. Ƙafar gidanmu ba ta da kyau haka."

"Me ya hana ka faɗa?"

Ya ɗaga ido ya dubi robar ruwan da ke ɗiga.

"Uwarka ta zo ta yi mini kuka kan na farko. Ta ce ina so ƴaƴanka su kwana da yunwa. Sai na rufe baki." Ya juyo. "Sau ɗaya na yi shiru kan ƙarya a rayuwata, Lawali. Ga shi a kaina ta faɗo. Gode wa Allah ni ne. Da ɗan mutane ne a tsakiyar rairayi, wa zai ce maka juya shi gefe?"

Washegari na je na aje kartin a teburin Madam Rakiya, na faɗa mata komai, sunan Hamidu kawai na riƙe. Ba ta yi faɗa ba, na so a ce ta yi. Ta sa shi a aljihun tebur, ta ce sai bayan damina. Motata ta yi wata huɗu a tsaye, yara na wasa ƙarƙashinta.

Kawu bai kai bayan damina ba. Ciwon ya dawo masa a gida, Inna Tsahara ta ce ita ta juya shi gefe, ta lanƙwasa gwiwar yadda ya sha yi mata, amma lokaci ya yi. Har ya tafi ina kwana yake ce mini, don takardata ba ta cika ba.

Bayan addu'ar bakwai Inna ta kira ni, ta ba ni ƴar kujerar da gwangwanin. Na kwance tsumma, na kwance leda, na kwance ɗaya ledar. Na juya bayan. Da sauran shekara guda cur kafin wa'adinsa ya ƙare.

Na yi kwana ukuna a kan kujerar nan, gaban kowa, gwiwoyina na ciwo, samari na dariyar tsohon banza da ke yi wa roba sallama. Na bar su. Kartina yanzu yana cikin gwangwanin tare da nasa. In na iso shinge aka ce in wuce, kashe mota nake yi.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya yafe maka shirun da ka yi saboda ni, ya ɗora shi a kaina. Ranar da aka tsayar da kai aka tambaya, Allah ya sa a duba gaba, a duba baya, a ce maka ta cika, wuce.