Adakar da Baba Ya Bari a Ɗakin Taki

Ina bakin aiki a asibiti a Kano, wata Talata da hantsi, Kawu Idi, ƙanin mahaifina, ya kira ni. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Hauwa, sai haƙuri. Yaya ya cika, dawowarsa daga gona ke nan." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na hau motar Ɗanbatta, amma kafin na isa ƙauyenmu an kai shi makwancinsa.

Baba, Malam Sule, ya daɗe yana koyar da kimiyya a sakandare kafin ya yi ritaya ya koma noman gyaɗa da gero. Mutum ne mai ƙarancin magana. Idan awakin maƙwabci suka yi masa ɓarna, da kansa yake kora su gida, ya ɗaure su, mai su bai ji daga bakinsa ba. Idan ɗalibi ya kasa amsa tambaya, yakan ce, "Wanda ya ce bai sani ba, ya fara karatu." Na ɗauka na san shi ciki da bai.

Kwana huɗu da rasuwar, Kawu ya buɗe ɗakin da Baba ke ajiye taki da garma, can bayan rumbuna, a wajen katangar gida. Ya fito ɗauke da tsohuwar adaka, fuskarsa a ɗaure. A ciki akwai ƙananan mutum-mutumi kusan talatin, kowanne a nannaɗe da tsumma mai tsabta. Dukansu kai ne da ƙirji, ba hannu, ba ƙafa, ba wanda ya wuce tsawon tafin hannu. Wani da kwalkwalin 'yan sama jannati, wani fuskarsa rabi ƙarfe, wata mace mai shuɗiyar fata. A ƙarƙashin kowanne akwai 'yar takarda da rubutun Baba: sunan fim da inda ya samo shi.

Kawu ya ce, "Wannan fa? Mutumin da ba ya rasa sahun gaba?"

Na ce masa mutanen fina-finan sararin samaniya ne, ba tsafi ba ne. Amma ni ma bakina kawai ke magana. Ban taɓa ganin Baba ya zauna kallon fim ba. Na juya ga Inna, mahaifiyata. Ta ce, "Na san da adakar. Yakan shiga ɗakin takin bayan la'asar ya jima. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba."

Kafin azahar magana ta zaga gari. Kawu ya ce a ƙone su, kada a ɓata sunan mamaci. Sai aka kira Liman, abokin Baba tun ƙuruciya. Ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya shi, ya ajiye a hankali.

Ya ce, "Ni ya fara tambaya, shekarun baya. Na ce masa barin su ya fi, kuma kada ya shigar da su inda ake salla. Na kuma faɗa masa malamai sun yi saɓani a kan wanda jikinsa bai cika ba. Tun ranar bai ƙara ajiye mai ƙafafu ba. Na ce, Sule, me kake samu a ciki? Ya ce, 'Malam, waɗanda suka ƙago su ba su taɓa zuwa can ba, amma sun ɗaga kai sun yi tunani. Ni shekara talatin ina koyar da taurari da alli.' Ban gane ba, har yau."

Muna nan zaune wani tsohon ɗalibinsa, Injiniya Bashir, ya iso ta'aziyya daga Legas. Da ya ga adakar a buɗe sai idonsa ya cika. Ya zaro ƙunshi daga aljihu: wani sabo ne, ya saya wa Baba tun kafin labari ya same shi. Ashe ɗalibansa da yawa sun sani. Su suke tsinto masa a kasuwannin gwanjo, shi kuma ya rubuto musu wanda ya rage masa. Bashir ya ce, "Saboda Malam na karanta injiniya. Ranar da ya nuna mini mai kwalkwalin nan, ya ce in je in gano yadda mutum ke numfashi a cikinsa."

Abin ya sosa mini rai. Me ya sa su ya nuna wa, mu 'ya'yansa ya ɓoye mana? Kunya ce, ko tsoron kada ya ɗora mana abin da shi kansa yake shakka a kai? Ba wanda zan tambaya.

Inna ce ta yanke magana. Ta karɓi ƙunshin Bashir, ta sa a adakar, ta ce wa Kawu, "Mayar inda ka ɗauko. Ba na ƙona abin da ban fahimta ba." Makullin ɗakin yana ɗaure a bakin zanenta yanzu.

Ya Allah, Kai ka san abin da ke zuciyar bawanka Sule, mu ba mu sani ba. Idan akwai kuskure a ciki, Ka yafe masa, Ka dubi taka-tsantsan ɗinsa da ɗaliban da ya tarbiyyantar. Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka bai wa Inna juriyar takaba, Ka haɗa kanmu a bayansa. Amin.