Albasar Kawu a Bakin Iyaka

Shekarun baya, ina sabon gama difloma, na koma garinmu kusa da Goronyo ina jin babu wanda ya kai ni sanin duniya. Kawuna, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, manomin albasa ne. Kullum dillalai ke zuwa har fadama su saye ta yadda suka ga dama.

Ni na zuga shi. Na ce na karanta cewa amfanin gona yana ƙetare iyaka ba kuɗin fito, mu kai da kanmu.

Ya ce, "Ɗana, ka tabbata?"

Na ce, "Kawu, a rubuce yake."

Ya shawo kan maƙwabtansa, suka haɗa buhunansu da nasa, muka cika mota.

A iyakar wata ƙasa maƙwabciya, jami'in ya duba takardunmu ya ce gaskiya ne, ba kuɗin fito. Amma akwai harajin da ake ɗorawa kan duk abin da za a sayar a ƙasarsu, sai an biya kafin a shiga. Ban taɓa jin sa ba. Kuɗin hannunmu ba su kai ba.

Kwana huɗu muna cikin rana. Motocin manyan 'yan kasuwa suna wucewa, don suna da masu yi musu takardu tun kafin su iso. Kawu ya dube su ya ce, "Su waɗanga mi suka fi mu da shi?" 

Ran na huɗu ruwan ruɓaɓɓiyar albasa ya fara ɗiga daga ƙarƙashin motar. Kawu ya kwance buhu, ya durƙusa yana tsince masu kyau ɗaya bayan ɗaya, hannunsa duk wari. Abin da ya tsira muka sayar a bakin hanya.

Da muka koma gida mutane suka taru. Kafin in buɗe baki ya ce, "Ni nay yi gaggawa, ku yafe mani." Ya sayar da injin ban ruwansa ya rage musu asara. Bai ƙara noman rani ba har ya rasu.

Yau na san dokar ƙetare iyaka ciki da waje, manoma ma suna zuwa in cike musu takardu, ba na karɓar ko sisi. Sukan yi ta sa mini albarka. Mafi yawansu ba su san cewa ban taɓa samun ƙarfin halin ce wa Kawu ya yafe mini ba.