Yashin da Na Ɗura a Cikin Ƙarfe

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Apo, nan Abuja, sun riga sun san ni, sauran kuwa sunan ba zai ƙare ku da komai ba. Abin da nake so ku sani shi ne, ba a gidan ɓarayi aka haife ni ba. A Nyanya na tashi. Mahaifiyata tana soya masa a bakin tasha, mahaifina ya rasu ina aji uku. Na gama sakandare da sakamako mai kyau, ina sallata, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Aibina ɗaya ne kuma kowa ya san shi: ban iya jira ba. Ko ruwan shayi aka ɗora sai na buɗe tukunyar sau uku.

Da na gama makaranta na samu aiki a wani shagon kayan mota a Apo. Jikin shagon akwai garejin Baba Yohanna, wani dattijo Gbagyi da ya fi shekara talatin yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane. Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa, har ni da nake mace. Da ya ga ina yawan leƙe da tambaya sai ya sa mini suna Sauri, ya fara koya mini abin da ya sani. Matarsa Mama Saratu in ta aiko masa da abinci, da nawa a ciki. 'Ya'yansa duk sun yi karatu sun guji baƙin mai, don haka yakan nuna ni ga mutane ya ce, "Ga ɗana na gaske nan."

A lokacin 'ya'yan manya na Maitama sun shigo da wani yayi. Su saukar da mota ƙasa-ƙasa, ranar Asabar da yamma su taru suna shan kwana da gudu. Baba ne ya fahimtar da ni cewa in mota ta shiga kwana da ƙarfi jikinta yana murɗewa kaɗan, shi ya sa suke sa mata sandunan ƙarfe su riƙe ta. Akwai ta sama, a ƙarƙashin bonet, tana haɗa kawunan shokabsoba biyu. Akwai ta ƙasa, tana haɗa inda hannayen tayoyin gaba suke kamawa. Ita ta ƙasan da dogayen notinta take zuwa, don sai an cire notin da ke riƙe hannun taya an sa nata. Baba yakan ɗaga notin nan ya ce, "Sauri, kalli wannan da kyau. Ran mutum ne a nan."

Yana da doka biyu da ba ya karyawa. Duk ƙarfen da za a ɗaura wa mota sai ya rataye shi a yatsa, ya buga masa sifana, ya kasa kunne. Na kirki yana yin ƙara mai tsawo kamar ƙararrawar makaranta, na banza kuwa ya ce "taf" ya yi shiru. Ta biyu, duk motar da ya taɓa ƙafarta, shi zai fara tuƙa ta zuwa wata kwana mai gangara a bayan gari kafin ya miƙa wa mai ita makulli. Yakan ce in da mutuwa a aikinsa, shi ya kamata ta fara gani.

Na iya sayen sandunan nan daga ƙasar waje ta waya, na bar shagon na tsaya da ƙafata. Ni in yi oda, a kawo garejin Baba, shi ya ɗaura. Shekara uku muna haka lafiya. Matsalar ɗaya ce: kaya sukan yi mako biyar, shida a hanya, su kuma yaran nan ba su san a ce musu gobe ba. Waya ba dare ba rana. Ni ma da ma ga halina.

Wata rana wani ya ishe ni, sai na shiga panteka, kasuwar tsofaffin kaya, na samo tsohuwar sanda, na sa aka fesa mata jan fenti, na saka ta a kwalin wata sabuwa. Baba ya buga, ta yi ƙara, don ƙarfen na gaske ne. Ya ɗaura, mai mota ya tafi yana murna. Na ce wa kaina ai ban cuci kowa ba. Daga nan na lalace.

Akwai wani Garba mai walda a bayan layinmu, ƙofofi da gadaje yake yi. Na kai masa sanda ɗaya na ce ya kwaikwaya. Ya yi ta da bututun ƙofa, kamar an tsaga kara, sai dai ba nauyi. Ya ce, "Hajiya, wannan ko yaro ya ɗauka ya san ba ita ba ce." Ni na kawo shawarar yashi, ba shi ba. Na ɗebo a gaban wani gini, na tankaɗe da rariyar mahaifiyata, muka ɗura, ya toshe bakin da walda. Fenti, takarda mai rubutun ƙasar waje, kwali. Na riƙa kai wa wasu garejin, kuma ta sama kaɗai nake yi, don ko ta karye ba ta kashe mutum. Na yi wa kaina alkawari biyu: ba zan taɓa ta ƙasa ba, ba zan kai wa Baba ba. Ɓarawo ma yana da dokokinsa, har ranar da ya matsu.

Ranar tawa ta zo da Faruk, ɗan wani babba a ma'aikata. Ya biya sandar ƙasa, na yi masa oda ta gaske, Allah shaida. Kayan suka maƙale a hanya. Ran Laraba ya kira ni ya ce, "Ke, Asabar ɗin nan zan fita da motar nan. In ba za ki iya ba ki faɗa, akwai wata a Jabi da ke kawowa cikin kwana biyu." Na ce masa kaya sun iso. Ban ma yi tunani ba, bakina ne ya riga ni. Na tafi wurin Garba. Dogayen notin kuwa a shagon kayan gini na saye su, irin na ɗaure ƙofa, na jiƙa su a baƙin fenti. Na ce in ta gaske ta iso sai in san dabarar da zan canja. Kuma na san Faruk ba ya yarda kowa ya taɓa motarsa sai Baba.

Ran Juma'a da hantsi na kai kwalin. Baba ya fito da sandar, ya rataye ta a yatsa, ya zaro sifana daga aljihu. Na san in ƙarfen nan ya taɓa ta, "taf" za ta ce.

Na ce, "Haba Baba! Shekara uku ina kawo maka kaya, ka taɓa samun na banza? Mai motar nan yana sauri zai tafi masallaci, kai kuma sai ka tsaya kiɗa?"

Ya dube ni, ya yi dariya. Ya ce, "Sauri ke nan. To, gaskiyarka. Ni ma kunya nake ji kullum ina buga kayan ɗana kamar na baƙo." Ya mayar da sifanar aljihu.

Ina tsaye ya cire notin kamfani masu kyau, ya sa nawa. Ina tsaye ya sauke motar daga jak, ya goge hannu, ya shiga ya tayar. Ya leƙo ta taga ya ce, "Shigo mu je, ka ji yadda kayanka ke riƙe hanya."

Na ce kaina ke ciwo.

Ya ce, "To sha ruwa, yanzu zan dawo."

A kwanar nan tasa notin ya tsinke. Tayar gaba ta lanƙwashe ta shige ciki, motar ta daki kwalbati ta kife. Ba gudun hauka yake ba, gudun gwaji ne irin na kullum. Masu acaba ne suka zaro shi. Ƙashin bayansa ya karye.

Da aka jawo motar gareji, mahaifin Faruk ya turo wani injiniya ya duba. Yana ɗaga guntun sandar, yashi ya fara zuba a gaban makanikan layin gaba ɗaya. Aka kira 'yan sanda. Faruk ya nuna ni ya ce ni na kawo.

A nan ne na yi abin da ya fi yashin muni. Na ciro wayata, na nuna wa 'yan sanda shaidar odar da na yi ta gaske, da hoton kayan da komai. Na ce ni mai kyau na miƙa wa Baba, in an canja to a garejinsa aka canja. Na faɗa da ƙarfi, har da kuka. Aka yarda da ni. Kafin yamma magana ta zaga Apo cewa ashe tsohon nan jabu yake ɗaura wa mutane yana ɓoye na gaske. Sunan da ya gina shekara talatin na rushe shi kafin la'asar. Da 'yan sanda suka je asibiti suka tambaye shi, an ce mini abu ɗaya ya yi ta maimaitawa: "Ban buga ba. Laifina ne, ban buga ba." Bai ambaci sunana ba.

Kwana tara bayan haka mai kawo saƙo ya tsaya da babur a ƙofar garejin, don can ne adireshin da nake bayarwa kullum, na kuma manta ban canja ba. Mama Saratu tana ciki tana kwashe kayan mijinta. Ita ta karɓa. Dogon kwali, da sunana, da lambar odar da na nuna wa 'yan sanda, da ranar da ya shigo ƙasar. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ba ta buƙaci kowa ya fassara mata ba. Ta ɗora shi a ka har ofishin 'yan sanda.

Kwana tara. Abin da na kasa jira ke nan.

A kotu ban yi musu ba, ba abin da ya rage na musantawa. Aka ɗaure ni shekara biyu, Garba ma ya samu rabonsa. Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Wuri ne da ba a yin komai sai jira: jiran abinci, jiran ruwa, jiran a kira sunanka. Mahaifiyata ta daina fita tasha saboda nuni da baki. Zuwanta na farko ba ta zage ni ba, tambaya ɗaya ta yi: "Da rariyata?" Na ce e. Ta tashi ta tafi.

Da na fito na nemi Baba. An rufe garejin, an mayar da shi ƙauyensu a bayan Karshi. Mama Saratu ta tare ni a ƙofa ta ce, "Me kika zo ɗauka kuma? Ai ba abin da ya rage." Daga cikin ɗaki sai na ji ƙarar ƙarfe, doguwa, mai daɗi. Ta ce, "Ya ji muryarki. Shiga."

Yana kwance, ya rame, ƙafafun nan kamar na wani. A saman gadon an rataye sandar nan ta gaske da igiya. Kotu ta gama da ita, Faruk ya ce ba ya so, shi ne Baba ya roƙa a ba shi. Da ita yake kiran matarsa in yana son a juya shi. Ya sake buga mata sifana, muka saurara har ƙarar ta mutu.

Ya ce, "Ka ji? Kayanka mai kyau ne, Sauri. Da ka bari ya iso."

Na durƙusa, na ce ya yafe mini. Ya ce yashin ya yafe tun yana asibiti, ƙaryar da na yi masa ma ya yafe, tsoro ne, yaro yakan ji tsoro. Sai ya ce, "Abu ɗaya nake tambayar kaina kullum. Ranar da na ce ka shigo mu je, ka ce kanka na ciwo. Ka sani?"

Na so in yi ƙarya. Na ce, "Na sani, Baba."

Sai ya juya fuskarsa bango ya ce, "Wannan ɗin ban iya ba tukuna. Ina roƙon Allah ya ba ni. Za ka iya jira?"

Ƙannena, maza da mata, musamman ku da kuke saye da sayarwa ta waya: ban fara da niyyar karya bayan kowa ba. Da fenti na fara. In kaya ba su iso ba, ku ce ba su iso ba. Mai saye zai yi fushi, zai zage ku, wataƙila ya tafi Jabi. Ku bar shi ya tafi. Kada ku sayar da abin da ku kanku ba za ku yarda ku shiga motar da aka ɗaura wa ba. In kuma kuka ga kuna hana wani ya duba kayanku, kuna cewa ai an san juna, to ku tsaya nan, kun riga kun zama abin da na zama. Wanda ya yarda da ku shi zai fara shiga motar.

Yanzu ina taya mahaifiyata suyar masa a ƙofar gida. Na tuba, ina roƙon Allah gafara a kowace sallah. Duk Asabar nakan hau mota zuwa ƙauyen, in share tsakar gida, in ɗebo wa Mama Saratu ruwa, sannan in zauna a gindin mangwaron da ke ƙofar ɗakinsa. In ya buga sau ɗaya, matarsa yake kira. Ya ce ranar da ya buga sau biyu, ni ce. Wata goma sha ɗaya ke nan. Ban taɓa leƙawa na tambaya ba.