Hannun da Gajere Ya Sa a Ƙarƙashin Inji

Wanda ya fara cire injin jar motar gidanmu shi ne tsohon bakaniken nan da ake kira Yatsa-Tara, Allah Ya jiƙansa, a shekarar da aka haifi ɗana na fari. A tsakar gidan nan ya yi aikin, ba a gareji ba. Ya kafa dogayen ƙarafa uku ya haɗe kawunansu, ya rataya igiya mai kauri wadda ke bi ta cikin gare-garen ƙarfe. Ranar mayar da injin, yayana, mai motar, shi ya riƙe igiya, shi kuma Yatsa-Tara ya zura hannu a ƙarƙashi yana daidaita mazauni. Ƙa'idarsa ke nan: mai mota ya riƙe, bakanike ya sa hannu. Ina tsaye na gani da idona. Na kuma san asalin sunansa, domin tun kafin zamaninmu wani mai mota ya taɓa sakin igiyar, inji ya datse masa yatsa ɗaya.

Na fara da wannan tarihi ne don mai karatu ya san nauyin abin da zan faɗa game da magajinsa, Gajere, wanda ya ajiye sifana a ƙarshen watan da ya wuce, ba tare da an tara jama'a ko an yi masa jawabi ba.

Duk wanda ya zauna a layinmu ya san ƙarar kekensa da sassafe. Yana riga kowa isa gareji. Zai share ƙasa, ya jera sifanu daga ƙarama zuwa babba, sannan ya wanke hannu. Sauran makanikai sukan wanke hannu in sun gama aiki, shi kuwa kafin ya fara yake wankewa, domin a cewarsa inji ba ya son ƙasar wani wuri. Direbobi da yawa sun shaida cewa yakan ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya faɗa maka ciwon motarka kafin ka gama gaisuwa. Saboda gajartarsa yana da wani benci da yake takawa ya leƙa cikin manyan motoci, kuma bencin ya tsufa tare da shi. Wannan duka sananne ne. Abin da ba a sani ba shi ne aikinsa na ƙarshe, kuma a gidana ya yi shi.

Ɗana na fari, wanda kowa ke kira Dogo, direban injin ɗaga kaya ne, irin dogon nan na wuraren manyan gine-gine. Wata rana wayar ƙarfen da ke ɗauke da kaya ta tsinke, kayan suka faɗa kan mutumin da ke ƙasa yana ba shi alama da hannu. Mutumin amininsa ne, kuma bai tashi ba. An yi bincike, an ce laifin waya ne, ba na direba ba. Dogo ya ji hukuncin, amma hannuwansa ba su ji ba. Suka kama rawa har ba ya iya kai kofi baki sai ya tallafe da ɗayan. Ya shige ɗaki ya ja labule. Ko ta'aziyyar aminin nasa ya kasa zuwa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, muna jin tarinsa ta taga, ba mu ganin fuskarsa sai jefi-jefi.

Motar kuwa tasa ce, yayana ya bar masa da zai rasu. Mai ƙofa biyu ce, mai dogon hanci, kafireto biyu gare ta, kuma a zamaninta babu abin da ke shan gabanta a titi. Tana lulluɓe da tamfol a ƙarƙashin tagar Dogo. Ni na kira Gajere, niyyata kawai ya duba ko ɓeraye sun yi mata ɓarna. Ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallo. Ɓeraye sun cinye wayoyi, tsatsa ta ci mazaunin batir, baƙin mai ya daskare a ko'ina. Sannan ya ɗaga kai ya dubi labulen da ke tagar.

"Yallaɓai, sai an fitar da injin gaba ɗaya," in ji shi. "Kuma a nan za a yi, inda ubangidana ya yi."

Ranar fitarwa ya zo da ƙarafan nan uku da igiyar Yatsa-Tara, da wasu ƙarfafan makanikai biyu da suka ja masa. Na tuna masa cewa mai mota ne ke riƙewa. Ya ce, "Fitarwa kowa ya iya. Mayarwa ce ta mai mota." Ya faɗe ta da ƙarfi, yana fuskantar tagar.

Daga nan ya zama kullum da safe yana tsakar gidanmu. Ya shimfiɗa tsohuwar tabarma, duk abin da ya kwance ya ajiye shi a layi bisa yadda ya fito, har matata ta riƙa zagaye da kwando in za ta shanya. Ya wanke ramin injin da kalanzir, ya kankare tsatsa, ya bi da samfefa. Da ya iso kan wayoyi sai ya fara mita.

"Idon nan ya gama aiki. Wannan ja ce ko ruwan ƙasa?" Ya ɗaga wayar saitin taga. Labulen bai motsa ba. "To, bari in haɗa ta da batir, in ta kama da wuta sai a ce Gajere ne."

Daga bayan labule murya ta fito. "Ruwan ƙasa ce, Baba."

"Wa ke magana? Ba na ji daga nan. Kunnen ma ya bi idon."

A haka ya jawo shi, yau bakin taga, gobe bakin ƙofa, har wata safiya na fito na tarar da Dogo a tsugune yana goge murfin inji da tsumma. Noti yakan kuɓuce masa ya gangara ƙarƙashin mota. Gajere bai taɓa ɗauko masa ba. Sai ya ce, "Kai ne dogo, miƙa hannu." Tare suka shafa maganin tsatsa, suka fesa jan fenti, suka ja sabbin wayoyi, suka mayar da lagireto. Ramin injin ya fito yana ƙyalli kamar ranar da aka ƙera shi.

A tsakanin nan ne matar Dogo ta zo mini da wani labari cikin damuwa. Ta ce a hanyarta ta zuwa aiki ta ga Baba Gajere zaune kan bulo a bakin wani wurin gini, ya ƙura wa ma'aikata ido, yana juya yatsa a sama shi kaɗai. Kuma ba sau ɗaya ba. Ta ce, "Baba, anya tsufa bai fara taɓa shi ba?" 

Da lokacin mayarwa ya matso, matata ta tsaya tsayin daka. Ta san labarin Yatsa-Tara, ta kuma san igiyar ba ta da birki. In aka sake ta, ta tafi. Ta tare Gajere a bakin ƙofa.

"Yanzu akwai na'ura mai riƙe kanta. A kawo ta mana. Yaron nan ya ɗauki rai ɗaya a wuyansa, so kake ka ɗora masa hannunka?"

"Uwargida, na'urar tana garejina, in mota kawai muke gyarawa da tuni na kawo ta," in ji shi. "Zan sa katako ya tare injin har kusa da ƙarshe. Amma tazarar ƙarshe, kamar faɗin tafin hannu, dole katako ya fita, hannu ya shiga. Nawa ne hannun, ni na bayar."

Ta juyo gare ni. Ni mutum ne mai girmama abin da magabata suka kafa, kowa ya san ni da haka, amma ranar sai da na auna abin da kyau. In Dogo ya riƙe, mun sami ɗa. In ya saki, mun rasa shi gaba ɗaya, Gajere kuma ya koma gida da dungu. A ƙarshe na ce a yi yadda aka yi a zamanin yayana.

Da hantsi aka yi. Makanikan nan biyu suka ɗaga injin, suka turo motar ƙarƙashinsa, Gajere ya karɓi igiyar, ya sallame su suka koma bakin ƙofa. Ya miƙa wa Dogo igiyar. Dogo ya dube ta, bai karɓa ba.

"Hannuna na gajiya, ɗana. Ni tsoho ne," in ji Gajere.

Ya karɓa. Injin ya fara sauka a hankali, igiya na kuka a cikin gare-gare. Ya zauna kan katako. Gajere ya taka bencinsa, ya kifa ƙirji a gefen motar, ya ce a ɗan ɗaga, ya zare katakon ya jefar. Sannan ya zura hannun dama har kafaɗa.

A daidai nan ɗaya daga ƙarafan uku ya zame a kan siminti da wata ƙara mai tsinka zuciya. Injin ya karkata, ya danne wuyan hannun Gajere a jikin ƙarfen motar. Na ga fuskarsa ta canza. Dogo kuwa ya runtse ido, ya sandare. Rawar hannunsa ta bi igiya ta hau, har injin ya fara kaɗawa. Na ɗaga ƙafa zan je.

"Yallaɓai, tsaya inda kake," in ji Gajere, muryarsa a ƙasa. "In wani ya taɓa igiyar nan za ta fizga."

Matata ta kama bakin ƙofa da hannu biyu. Matar Dogo ta toshe bakinta da mayafi.

"Baba, ba zan iya ba," in ji Dogo, ido a rufe.

"Ai kana kan iyawa. Da ka saki da unguwa ta ji ni. Buɗe ido ka dube ni. Na san ba kyau gare ni ba, daure."

Ya buɗe.  Gajere ya ɗaga hannun hagu, ya miƙe yatsa ɗaya sama, ya fara juya shi a hankali. Nan take na gane abin da yake yi a kan bulo. Alamar da mutumin ƙasa ke ba direban injin ɗaga kaya ce, wadda Dogo bai sake gani ba tun ranar da amininsa ya yi masa ita.

Na ga kafaɗun ɗana sun sauka. Na ga ya gyara tsayuwa, ya raba ƙafafu. Igiyar ta daina rawa. Ya ja, injin ya ɗaga kamar faɗin yatsu biyu. Gajere ya shimfiɗa tafi alamar tsayawa, igiyar ta tsaya cak. Bai zare hannun da ya sami sarari ba, sai ya ƙara tura shi ciki, ya daidaita mazaunin, ya juya yatsa ƙasa. Injin ya sauka, ya zauna, muka ji ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Ya zura ƙusa ya ɗaura noti, sannan ya fito da hannun. Fata ta saɓule, wuyan hannun ya fara kumbura. Ya ɗaga shi yana motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Goma," in ji shi. "Da ubangidana na nan da ya yi kishi."

Dogo ya zame ya zauna a ƙasa, igiya a cinyarsa, ya yi kukan da bai yi ba tun ranar. Ba wanda ya hana shi. Da ya gama ya share fuska da gefen riga, ya dubi tsohon.

"Baba, alamar tsayawar nan da ka yi, ba haka ake yin ta ba. Wa ya koya maka?"

"Ka ji mini ɗan banza. To tashi ka nuna mini."

Ya tashi ya nuna masa.

Gajere, kai ne ka ga labule ka fahimci abin da mu masu gida muka kasa taɓawa. Kai ne ka zauna cikin rana kan bulo da furfurarka, kana koyon sana'ar da ba taka ba, mutane na yi maka kallon wanda tsufa ya ruɗa. Kai ne ka miƙa hannun da kake ci da shi ga mutumin da bai yarda da nasa ba. Magajin Yatsa-Tara, gajere mai dogon hannu, a madadin gidana ina yi maka godiya a bainar jama'a, domin na san in na yi maka ita kai kaɗai za ka canza zance.

Ba ina kiran kowa ya sa hannu a ƙarƙashin inji ba. Shi kansa ya hana waɗanda ya horar, ya ce su yi aiki da na'ura mai birki, ƙa'idar ubangidansa ta tsaya a kansa. Na ji zafin hakan, amma ban musa ba. Kirana ga masu sana'a shi ne, in kun shiga gidan mutane gyara, ku ɗaga kai ku dubi tagogi.

Ga abin da aka samu. Motar ta tashi, kuma tafiyarta ta farko, Dogo ne ya tuƙa ta zuwa gidan aminin nasa, ya yi ta'aziyyar da ta daɗe tana jiransa. Bai koma bakin aiki ba tukuna, ban kuma matsa masa ba, amma da hannu ɗaya yake shan shayi. Ga kuma abin da aka riƙe. Igiyar tana rataye a bangon tsakar gidanmu, Gajere ya bar mana ita. Labulen tagar yana ɗage. Yatsun Gajere goma ne, na sake ƙirga su da kaina ranar da ya rufe gareji, da ya ba ni hannu muka yi sallama.