Ƙaguwar Fadamarmu

Shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, ƙaguwa ta mamaye fadamarmu da ke hanyar Nasko. Ta huhhuda gaɓar da muka ɗaga don tare ruwa, ruwan ya dinga zurarewa, shinkafar da za mu ci shekara ta fara yin rawaya. Kullum da safe maigidana yana toshe ramuka da laka, kafin la'asar sababbi sun buɗe.

Maƙwabciyata, wata Bakambara, ta kawo kwanduna uku masu ƙaramin baki. Ta sa dusa da hanjin kaza a ciki, ta nutsar da su.

"Maman biyu, bar shi da lakarsa," in ji ta. "Wannan nama ne."

Washegari muka cika roba da ƙaguwa. Na dafa da daddawa da barkono. Maigida ya leƙa tukunya, ya ce shi ba ya cin ƙwaro.

Na ce, "To Malam, ka ci laka."

Sati biyu yana kallonmu muna tsotse ƙafafu. Ranar da ya ga ruwa ya tsaya a fadama, ya zauna ya jawo kwanona, ko kallona bai yi ba. Har yau shi ke saƙa kwandunan, wai nawa ba sa kamu.