Hayaƙin Ranar Asabar

A Misfala, wata unguwa a Makka, aka haife ni, a wani ɗakin kwano da katako a gefen dutse, lokacin yaƙin duniya na biyu. Babanmu ɗan ga-ruwa ne, Ummi tana surfe a gidajen masu hali, don haka rainonmu ya faɗo hannun kakarmu, Sitti Hajjo. 'Yar tsurut ce, ga faɗa, ga mita. Bayan magariba takan hura gawayi ta ɗora shayi, ni da ƙannena mu kewaye ta, ita kuma ta yi mana kashedin duk wanda ya yi gyangyaɗi gobe ba shi da kunu. Ban taɓa ganin ta hana kowa ba.

Tatsuniyoyinta na Kano ne, garin da ba mu taɓa gani ba, rabi da Hausa rabi da Larabci don mu gane. Amma akwai labari guda da ba ta yi masa gabatarwar tatsuniya. Sai dai ta gyara zama ta ce, "Wannan da idona na gani, kada wanda ya yi mini dariya."

Lokacin da suka taso aikin hajji ita da kakanmu, ta Sudan suka bi, jirgin ruwa ya zube su a gaɓar Yaman maimakon Jidda. Guzuri ya ƙare, suka zauna a bayan wani ƙaramin gari, a unguwar da ake tura waɗanda ba a so a ciki, wato baƙaƙen baƙi irinmu da Yahudawa. Gidajen duk iri ɗaya ne. Maƙwabciyarta Bayahudiya ce mai ɗinkin ado, da yara biyu, mijinta maƙerin azurfa ya tafi fatauci.

Wata ranar Asabar Sitti ta shiga gidan ɗibar wuta, yadda ake yi a Kano, ta tarar da murhu sanyi ƙalau. Ta ɗauka talauci ne, ta samo garwashi a wani gida ta kawo mata a kasko. Matar ta ja da baya, ta ƙi karɓa. Sitti ta yi kwanaki tana fushi, wai ƙyamarta ake yi, kafin a fahimtar da ita cewa mutanen nan ba sa taɓa wuta ranar Asabar, addininsu ne. Sunan matar ya gagari harshenta, sai ta raɗa mata Asabe, ita kuma ta riƙa amsawa.

A shekarar aka yi fari. Magana ta bazu cewa Yahudawa ne suka hana ruwa sauka, wasu mutane suka gangaro daga duwatsu da wuƙaƙe da kulake. Ba 'yan garin ba ne, ba su san gidan kowa ba. Sitti tana bakin rijiya ta ji wani ɗan gari yana gaya musu ba sai sun tambaya ba, yau Asabar, su duba gidan da babu hayaƙi.

Ta bar tulunta a nan. Ta kwashi garwashin murhunta ta faɗa gidan Asabe, ta tura ta ƙuryar ɗaki da yaran, ta zuba ɗanyen itace a wuta don hayaƙin ya yi yawa, ta ɗora tukunyar dawa. Da mutanen suka tura ƙofa, suka tarar da baƙar mace tana tuƙi, idanu na zubar da ruwa, tana zazzaga musu zagi da Hausa. Ɗaya ya ce Takruniya ce, sunan rainin da ake kiran baƙaƙe irinmu da shi, ya tofar da yawu, suka wuce. Sitti takan ce ranar ce kaɗai a rayuwarta wannan sunan ya yi mata daɗi.

Da gari ya yi tsit ta kwashe tuwon ta ajiye musu. Asabe ta ƙi ci. A nan muryar Sitti takan tashi, ko bayan duk waɗannan shekarun. "Na tsare mata rai, ta ƙi tuwona! Wallahi har na fara nadama." Matar ta zauna rungume da yaranta tana kallon sama ta bakin ƙofa. Sai da taurari suka fito, Asabar ta fita, ta jawo akushin, ta ba yaran, ta cinye sauran da sanyinsa, ta kama hannun Sitti ta ɗora a goshinta. Ba a yi mako ba danginta suka zo suka tafi da ita, ba su sake haɗuwa ba.

Muna yara, wurin zagin muka fi so, mukan roƙe ta ta maimaita. Na fara girma kafin na tambaye ta sauran gidajen fa. Ta ce an ƙone su, wasu da mutanensu a ciki. Ta ce kowane gida marar hayaƙi yana da maƙwabci mai wuta, Musulmi, wasu ma Hausawa, kowa ya rufe ƙofarsa. Sai ta ce a miƙo mata sukari.

Bayan rasuwarta, ina matar aure, 'yan Burma suka fara sauka a unguwarmu, gudun kisa ya koro su. Samari suka sa su gaba da jifa da duka, har da 'ya'yanmu a cikin masu jifan, waɗanda su ma ake kira bayi a kan titi. Na riƙa bin gidaje ina roƙon mata mu je mu zauna a bakin ƙofofinsu da yamma, don yaro ba zai jefi ƙofar da uwarsa take zaune ba. Wasu sun zo, jifan ya ragu a layinmu. Waɗanda suka ƙi kuwa ba mugaye ba ne, tare muke ɗawafi, tare muke biki. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, sun ba ni shayi, sun ce Allah ya ba ni lada. Ina saka takalmi sai in ji sun saka sakata a bayana.