Haulatu da Muƙamuƙin Ladanin Mile One

Ɓoye wa mai magani gaskiya don kare girma mugun hali ne, kuma ya yi mana yawa a garin nan. Ba don wata baiwar Allah ba, da ya kai mutum kabari a Fatakwal.

Sunanta Haulatu, haifaffiyar unguwar Borokiri. Ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin da ake kwantar da waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu, a watan jiya ta ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya. Kullum da safe, kafin ta gaisa da kowa, sai ta tsaya gaban teburin kayan numfashi. Ta kunna ƙarfen nan mai fitila da ake danne harshe da shi a hango maƙogwaro, ta duba batirinsa. Ta jera bututun da ake zura wa mutum idan numfashi ya gagare shi, manya da ƙanana. Sannan ta bi gado gado tana kallon wuya da baki da haƙoran marasa lafiya, domin a cewarta kayan da ya shiga bakin wani ba lallai ya shiga na wani ba.

Bara aka kawo Malam Gimba, mahauci kuma ladanin wani masallaci a unguwar Mile One, ciwon huhu ya kama shi. Kafin azahar likita ya ce mai yiwuwa sai an sa masa bututu. Haulatu ta ɗaga hannunsa na dama za ta sa masa ƙarin ruwa, sai ta ga tsaga jere a damtsensa, irin wadda 'yan dambe ke yi su cusa magani. Ta dubi gemunsa mai kauri, ta ga haɓar ta ɗan karkace.

Ta ce, "Baba, ka taɓa karyewa a muƙamuƙi?"

Yana haki ya ce, "A ina?"

"A dambe, ko a wani wuri. Buɗe bakin in gani."

Ya kau da kai. "Ke 'yar nan, ladan kike tambaya dambe? Jeki yi aikinki."

Matarsa Barira tana tsaye a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai. Shekara ashirin ke nan da ya hana a ambaci damben a gidansa.

Haulatu ba ta yi musu ba. Ta gaya wa likita zarginta cewa tsohuwar karaya za ta hana bakin buɗewa, ta ce akwai na'ura mai kyamara a bakinta, siririya mai lanƙwasa, wadda ke shiga ko da baki bai buɗe sosai ba, amma guda ɗaya ce a asibitin, tana ɗakin tiyata a hawa na uku. Likita ya ce mai jiki ya ce lafiyarsa lau, amma ya yarda ta je ta ɗauko.

Tana kan matakala numfashin Malam Gimba ya yanke. Babu lokacin jira. Likita ya yi masa allurar barci, ya ɗauki ƙarfen da ke kusa, sai baki ya ƙi buɗewa fiye da yatsa biyu. Ya gwada, haƙori ya karye. Ya sake, wasu biyu suka bi, jini ya cika baki. Barira ta ce da idonta ta hango leɓen mijinta ya yi baƙi, na'urar da ke auna numfashinsa tana ihu, ita kuma ta kasa ko salati.

Sai ga Haulatu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta zuƙe jinin, ta miƙa wa likita na'urar mai kyamara. Ya ɗauki babban bututu, ta ce, "A'a likita, wurin ya kumbura, ga ƙarami, ga sandar jagora." Aka zura siririyar sandar, bututu ya bi ta. Ƙirji ya ɗaga.

Innalillahi! Mutum ya kusa barin duniya saboda kada a ce ya taɓa dambe!

Ke ce, Haulatu, mai kallon abin da gemu ya rufe. An kore ki da baƙar magana, kika hau bene uku da gudu don wanda ya kore ki. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, to yau mun kira. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai albarka. 'Yan baya kuma ku koya: ku dubi mutum tukuna, sannan ku zaɓi ƙarfe.

Malam Gimba yana nan da ransa, ya je har Borokiri ya nemi gafararta. Amma haƙoransa uku na gaba sun tafi. Ya yi kwana goma sha tara a kwance. Muryarsa ta dishe, ba ta kaiwa bakin titi, wani ne ke kiran salla yanzu. Damben kuwa, babu mai sayar da nama a Mile One da bai san labarinsa ba.